Wasiƙar imel da ta hana a kwance barandar Kawu a Biafra

Ka tambayi dattijo a Biafra ko yana da imel, sau da yawa amsar da za ka ji ita ce, "Ni ina ruwana da wannan? WhatsApp ya ishe ni." Amma karɓi wayarsa ka duba, za ka tarar yana da shi, har da tarin wasiƙun da ba a taɓa buɗewa ba. Ranar da ya sayi wayar a Black Market ta Adjamé ko a shagunan Rue 12 ta Treichville aka buɗa masa, domin wayar Android ba ta bari ka sauke komai daga Play Store sai da adireshin Google. Yaron shago ya ƙago suna, ya ƙago kalmar sirri, wani lokaci ma lambar wayarsa yake sawa a madadin ta mai kaya don ya sallame shi da wuri. Dattijo ya biya, ya hau gbaka ya dawo gida, bai san an kafa masa akwatin wasiƙa an bar makullin a hannun wani ba.

Da can abin bai dami kowa ba. Yanzu kuwa tikitin jirgi, takardar biza, rasiɗin kaya daga Dubai ko Guangzhou, saƙon tiransite daga tashar jiragen ruwa, duk ta wannan akwati suke shigowa. Ni dai abin da ya zaunar da ni rubutun nan barandar katako ce ta kawuna.

Kawu mutumin Maradi ne, ya fi shekara talatin yana haya a kur guda a Biafra ta Treichville, ciki da falo. Duk wanda ya zauna a irin waɗannan gidaje ya san halin watan Yuni. Ruwan da ke sauka a Abijan a shekara ya ninka na Maradi sau uku ko fiye, kuma Treichville ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya da lagun ta kewaye, ruwa ba ya da inda zai gudu da sauri. Tsakar gida ta cika har idon sawu, babu wurin shimfiɗa tabarma, babu wurin da baƙo zai zauna. Sai Kawu ya yi shawarar ya ɗaga dandamalin katako a ƙofar ɗakinsa, ya sa masa rumfar kwano.

Mai gidan tsoho ne da ya yi ritaya yana zaune a Faransa, wani ɗan uwansa ke karɓar masa haya. Ni na rubuta masa wasiƙar neman izini da Faransanci daga adireshin Kawu, na sa nawa adireshin a layin kwafi. Bayan kwana uku ya amsa mana mu duka. Ya yarda, da sharaɗi biyu: kada a taɓa bangon gida, kada a zuba kankare a tsakar gida. Ya ƙara da cewa ranar da Kawu zai tashi, katakonsa nasa ne, ya kwashe abinsa.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafa

Sharuɗɗan nan biyu su suka tsara aikin gaba ɗaya, kuma a ganina duk ɗan haya haka ya kamata ya yi ko ba a gindaya masa ba. Kafintan bai haƙa rami ko ɗaya ba. Bulo na siminti ya jera a ƙasa, ya daidaita su da ma'aunin ruwa, ya shimfiɗa guntun roba a kan kowane don kada danshi ya hau katako. A kansu ya ɗora manyan katakai masu ɗaukar nauyi, sannan ya gitta azara. Faɗin barandar mita 3.2, zurfinta mita 2.5, wato murabba'in mita 8. Azara tara ya sa, tsakanin kowace da 'yar uwarta santimita 40. Kawu ya so a rage su zuwa shida don a sauƙaƙa kuɗi. Kafintan ya ce masa, "Alhaji, shida za ta ɗauke ka kai kaɗai. Ranar suna kuma wa zai ɗauki jama'a?" Magana ta ƙare a nan.

Allunan sama ashirin ne, kowane faɗin santimita 12, da ratar milimita 5 tsakaninsu. Ratar nan ba don ado ake barinta ba. Katako yana shan danshi ya kumbura da damina, ya tsuke lokacin hunturu. In ka matse allunan, sai su ture juna su bankare, ruwa kuma ya kwanta a kai. Ya kuma karkatar da dandamalin kaɗan, wajen santimita ɗaya a kowace mita, don ruwa ya gangara nesa da ƙofa. Gefuna bai rufe su ruf ba, ya bar iska tana ratsawa ta ƙasa. Baranda ba daga sama take ruɓewa ba, daga ƙasa ne, inda ido ba ya gani.

Wurin zaɓen katako aka fi daɗewa ana ja-in-ja. Samba shi ne mai araha, fari, mara nauyi, shi ake yi wa kankare akwati da shi a wuraren gini. Ka sa shi a waje a Abijan, gara da funfuna sun samu abinci. Fraké ma ɗan uwansa ne a wannan fanni. Azobé kuwa ƙarfinsa ya wuce misali, da shi ake gina matsayar jiragen ruwa, nauyinsa har nitsewa yake a ruwa, amma yana cin bakin zarto kuma ƙusa ba ta shigarsa sai an huda. Tek yana da kyau in ka samu jan cikinsa. Farin gefen nan da wasu masu sayarwa ke cusa maka ba ya jure komai. A ƙarshe iroko aka saya, wanda mu a Hausa muke kira loko. Tsadarsa ta sa Kawu salati, amma tsadar tana da dalili: dajin Kodibuwa da ya kai wajen hekta miliyan 16 a farkon ƙarnin da ya wuce, ƙidayar 2021 ta same shi bai cika miliyan 3 ba.

Sai ƙusa. Allo ashirin, azara tara, biyu a kowace mahaɗa, lissafi ya ba da 360. Kafintan ya ƙi ƙusar ƙarfe ta kasuwa, ya ce sai mai zare wadda ba ta tsatsa, irin wadda suke kira bis inoks. Iskar nan tamu da gishirin teku take tafe, baƙin ƙarfe ba ya daɗewa, kuma yana barin baƙin tabo a jikin iroko. Wani amfanin mai zare shi ne ana kwance ta. Abin da aka ɗaure da ita a Biafra, gobe ana iya ɗaure shi a Koumassi.

Bari in ɗan ratse. Masu son ɗora irin wannan a saman dal, abin da 'yan Najeriya ke kira dakin, lissafinsu daban ne. Tankin ruwa mai lita 1,000 tan guda ne cur, kafin a sa katako da mutane. Bayan gine-ginen da suka rushe a Treichville da Angré a farkon 2022, bai kamata wani ya ɗora nauyi a kan tsohon bene da shawarar kafinta kaɗai ba. Wannan aikin injiniya ne da izinin hukuma.

Duka-duka, abin da Kawu ya kashe ya kusa hayarsa ta wata shida.

Shekara biyu da wani abu bayan haka mai gidan ya rasu. Babban ɗansa ya zo duba gidan, ya ga baranda, ya tambayi wa ya ba da izini. Ɗan uwan da ke karɓar haya ya ce shi bai ga takarda ba. Aka ba Kawu wata guda ya kwance, kuma aka ce za a cire kuɗin ɓarna daga kosiyonsa. Wayar da wasiƙar ta shigo cikinta kuwa an fizge ta a tashar Adjamé tun watannin baya, sabuwar da ya saya wani yaron ya buɗa mata wani adireshin. Da na je gaishe shi, ya ce mini, "Ɗana, takardar ta tafi da wayar."

Na ce, "Kawu, takardar ba ta taɓa zama a cikin wayar ba."

Inda wasiƙa take kwana

Abin da kake taɓawa a waya, Gmail ko Outlook ko Yahoo Mail, manhaja ce kawai, taga ce da kake leƙawa. Akwatin kansa yana cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, a wani katafaren ɗakin ajiya, galibi a Turai ko Amurka. Ita ake kira sabar, wasu masu fassara na ce mata uwar garke. Adireshinka ma yana faɗin haka. Abin da ke gaban alamar @ sunanka ne, abin da ke bayanta sunan gidan da ke riƙe da akwatinka. Wani injiniya Ba'amurke, Ray Tomlinson, shi ya zaɓi alamar a 1971, don ya raba sunan mutum da sunan na'urar da yake kai.

Idan ka danna aikawa, manhajarka ba ta san inda abokinka yake ba. Sabar ɗinka take miƙa wa wasiƙar, bayan ta nuna kalmar sirrinka. Sabar ɗinka ta duba abin da ke bayan @, ta tambayi kundin sunayen intanet, wanda ake kira DNS, wace na'ura ce ke karɓar wasiƙun wannan gida. Kundin ya ba ta suna, ta ƙwanƙwasa, su gaisa, ta faɗi daga wa zuwa wa, ta miƙa. Yaren da suke wannan magana da shi sunansa SMTP, kuma tun 1982 Jon Postel ya rubuta ƙa'idarsa. Duk wanda ya taɓa ba direban motar Yamai ko Kano saƙo ya kai wa wani a tasha ya gane tsarin. Bambancin kawai, wannan direban ba ya mantuwa. In ya tarar da ƙofa a rufe, yana ajiye saƙon ya yi ta komawa, bisa al'ada har kwana huɗu ko biyar, kafin ya dawo maka da shi. In kuwa aka ce masa babu mai wannan suna a gidan, nan take yake dawowa, sau da yawa da lambar 550. Harafi ɗaya ka kuskure a adireshi, ko ta dawo, ko ta faɗa akwatin wani baƙo.

Mun ga wannan da idonmu ranar 14 ga Maris 2024, a makon farko na azumi, lokacin da igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar nan tamu. Wasiƙun da waya ta riga ta sauke suna buɗuwa, sababbi ba sa shigowa, waɗanda ka rubuta suna maƙale a akwatin fita. Amma ba su ɓace ba. Suna can a sabar suna jira, da layi ya dawo suka zubo gaba ɗaya.

Ɗauko wasiƙa daga akwati kuma hanya biyu ce, kuma a nan ne mutane ke ruɗewa. Tsohuwar hanya, POP, tana kwaso wasiƙun zuwa na'urarka, kuma in ba ka hana ta ba tana share su daga sabar. Waɗanda suka yi aikin ofis zamanin Outlook Express sun san zafinta: kwamfuta ta mutu, wasiƙun shekaru sun bi ta. Ɗayar, IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a jami'ar Stanford a 1986, tana barin komai a sabar, na'urarka hoto kawai take nuna maka. Manhajojin waya na yau a kan wannan tunani suke tafiya. Shi ya sa ɓarawo ya tafi da waya amma bai tafi da wasiƙa ba. Shi ya sa kuma in ka goge wasiƙa a waya ta gogu ko'ina. A Gmail tana kwana 30 a kwandon shara, daga nan sai labari.

Kuma kowace wasiƙa ba ɗaya ba ce. Akwai kwafi a akwatin wanda ya aiko, akwai a na wanda aka aika wa, akwai a na duk wanda aka sa a layin kwafi, kowane a gidansa, babu mai iya goge na wani. Akwatin marigayi a kulle yake, 'ya'yansa ba su da kalmar sirri. Na Kawu ma a kulle. Nawa ne ya rage, kuma da na rubuta sunan tsohon a wurin bincike, ga ta nan da kwanan watanta.

Ɗan marigayin ba yaro ba ne, ya yi tambayar da ta dace: ta ina zai san ba mu muka ƙirƙira ba? Gaskiyarsa. Sunan da ke fitowa a layin mai aikawa, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, kamar yadda za ka rubuta sunan wani a bayan ambulan. SMTP an gina shi ne lokacin da masu amfani da shi kaɗan ne kuma sun yarda da juna. Da wannan ɓaraka 'yan damfarar intanet, waɗanda ake kira burute a nan, suke cin abinci. Ɗan kasuwa zai ga wasiƙa da sunan mai ba shi kaya a Sin, ana ce masa an canza asusun banki, ya tura kuɗi can. Wanda ya ga irin wannan, ya kira lambar da ya saba kira tun da, ba wadda ke cikin wasiƙar ba. Wanda kuma aka riga aka cuta, akwai hukumar PLCC mai yaƙi da laifukan intanet, da dokar 2013 da ta tanadi hukuncinsu.

Amma wasiƙa tana da wani ɓangare da ba a nunawa sai ka nema. A Gmail na kwamfuta, ɗigo ukun da ke gefen wasiƙa suna da zaɓin nuna asalinta. Can za ka ga kowace sabar da ta ratsa ta buga mata hatimi da sa'a da minti. Za ka ga SPF, mai duba ko na'urar da ta kawo ta tana cikin waɗanda gidan ya ba izini. Za ka ga DKIM, sa hannun lissafi da sabar mai aikawa ke yi, wanda ke karyewa in an canza abin da ke ciki a hanya. Wannan ba ya nuna wane ne ya zauna ya rubuta, amma yana nuna daga wane gida ta fito, kuma manyan kamfanoni ba sa bari ka aika da adireshin da ba naka ba. Hoton allo na hirar WhatsApp ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan, yaron sakandare ma zai haɗa maka shi. Dokar Kodibuwa ta 30 ga Yuli 2013 kan mu'amala ta lantarki ta amince da rubutun na'ura a matsayin hujja, muddin ana iya gane mai shi kuma an adana shi ba tare da canji ba.

Ba mu kai ga kotu ba. Ya zauna a kan barandar da ake rigima a kanta, ya karanta a kwamfutata, ya gane adireshin mahaifinsa, ya gane irin gaisuwar da tsohon ke rufe wasiƙa da ita. Ya sunkuya ya leƙa ƙasa, ya ga bulo a ajiye, babu kankare, bango lafiya lau. Ya kira ƙanwarsa a Faransa suka yi magana, sannan ya ce a bar ta. Na roƙe shi a sake rubuta yarjejeniyar a takarda da sunansa, ya sa hannu gaban shaidu biyu, ya yi.

Tsohon akwatin Kawu dai har yau a rufe yake. Lambar da za a tura wa saƙon tabbatarwa ta yaron shagon ce, yaron kuma ya bar Adjamé. Duk rasiɗan da ke ciki sun zama na kallo daga nesa.

A nan ne nake ganin mu 'yan haya ne sau biyu. Gidan da muke kwana na wani ne, akwatin da takardunmu ke kwana shi ma na wani ne, kuma kowane da sharuɗɗansa. Google na ba da gigabait 15 kyauta, amma hotuna da fayiloli da wasiƙu duk daga ciki suke ci. In ya cika, sabuwar wasiƙa ba ta shiga, komawa take wa mai ita. Abin da za ka liƙa wa wasiƙa ba ya wuce megabait 25. Kuma tun Disamba 2023 kamfanin ya ce yana iya share asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi.

Abu na farko, ka san adireshinka da kalmar sirrinka, ka rubuta su a littafin da kake ajiye takardun gida, ba a cikin wayar ba. In wani ne ya ƙago maka kalmar, canza ta yau. Sannan ka shiga saitin tsaro ka duba lambar wa ke ciki. Nan akwai tarkon da ya shafe mu mu kaɗai: ranar 31 ga Janairu 2021 lambobin ƙasar nan suka tashi daga takwas zuwa goma, aka ƙara 07 ga Orange, 05 ga MTN, 01 ga Moov. Asusun da aka buɗe kafin ranar, in ba a gyara ba, tsohuwar lamba ce ke ciki. Masu tafiya gida Nijar ko Najeriya su yi wata da watanni kuma su tuna layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya karɓewa ya ba wani, saƙon buɗe akwatinka ya koma hannun baƙo. Takarda mai nauyi, irin ta haya ko ta bashi ko ta kaya, ka tura kwafinta ga ɗanka ko ƙaninka, ka kuma buga ta a siba ka ajiye.

Saura abin da ya samu 'ya'yan marigayin, waɗanda har yanzu ba su san abin da mahaifinsu ya rubuta wa sauran 'yan hayarsa ba. A saitin asusun Google akwai wurin da mutum zai faɗi abin da za a yi in an daina jin ɗuriyarsa. Kai za ka zaɓi tsawon jiran, wata 3 ko 6 ko 12 ko 18, ka kuma sa sunan mutane har goma da za a sanar, da abin da kowane zai iya saukewa. Kawu ya zaɓi wata shida, ya sa babbar 'yarsa da ke aure a Maradi, ya ce wasiƙu kawai za a ba ta, ban da hotuna.